Yadda za ka gane irin canjin da iskar gas ke yi, da ta inda zafi ke bi

Yawancin masu karatun kimiyyar zafi, wato tamodainamiks, ba lissafin ne ke ba su wahala ba, lissafin ai ninkawa ne da rabawa kawai, abin da ke kayar da mutum shi ne ya karanta tambaya ya rasa wace fomula zai ɗauko cikin tulin da ya haddace. To shawarata ka daina fara neman fomula. Fara da tambaya guda: a cikin wannan abin da ke faruwa, mene ne aka riƙe aka hana shi canzawa? Amsar ita za ta kashe maka wani ɓangare na lissafin tun kafin ka taɓa kalkuleta.

Amma kafin nan sai ka shata iyaka. Ka ce ga abin da nake lissafi a kansa, misali iskar da ke cikin silinda mai fistin, duk abin da ke wajenta kuma waje ne, har da ƙarfen silindar. In ba ka yi haka ba za ka rikice kan wa ya ba wa zafi, wa ya yi aiki a kan wa. Ita wannan iskar abu uku ake dubawa a jikinta: matsinta P, girman wurin da ta cika V, da matakin zafinta T, kuma ukun a ɗaure suke da juna ta PV = nRT, inda n yake yawan iskar da ake aunawa da mol, R kuma tsayayyen adadi ne, 8.314. Shi T a nan kelbin ne fa, ba salshiyos ba, ka ƙara 273 a kan duk abin da aka ba ka kafin ka yi komai.

Sai doka ta farko, ΔU = Q − W. Ka ɗauke ta kamar asusun ajiya: Q shi ne abin da ya shigo, W shi ne abin da aka kashe, ΔU kuma bambancin da aka samu a abin da ke ajiye. Q zafin da ya ƙetara iyaka ya shiga, W aikin da iskar ta yi ta hanyar tura fistin, U makamashin da ke cikinta, wanda a iskar gas ta lissafi, wato wadda ke bin PV = nRT sak, ya dogara ne da T kaɗai. James Joule ne ya nuna a shekarun 1840 cewa zafi da aiki abu ɗaya ne ake juya shi, ya sa nauyi yana faɗowa yana juya faifai a cikin ruwa har ruwan ya ɗan yi ɗumi, ya auna, daga irin wannan awon aka samu cewa kalori 1 daidai yake da jul 4.18. Ka kula da abu ɗaya, littattafan kemistiri da yawa suna rubuta ΔU = q + w saboda su aikin da aka yi A KAN iskar suke ƙirgawa. Duk daidai ne, kai dai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ka gama tambayar.

In wurin ne ba ya canzawa

Wannan shi ne aisokorik, kuma shi ya fi sauƙi. In ka ga an ce tanki ne na ƙarfe a rufe, ko kwalba mai tauri, ko an kulle fistin ba ya motsi, to V na nan yadda yake. Babu abin da aka tura, saboda haka W = 0, duk zafin da ya shiga yana zama a ciki, Q = ΔU = nCvΔT, inda Cv yake zafin da mol 1 ke buƙata don T ɗinsa ya hau kelbin 1 alhali V bai canza ba. Matsi kuma yana hawa daidai da T. Gwada: tanki yana da matsi kilofaskal 200 a salshiyos 27, ya yi zafi zuwa 87. A kelbin 300 ne zuwa 360, ƙarin kashi 20 cikin ɗari, sai matsin ya koma 240. Wanda ya manta ya raba 87 da 27 kai tsaye zai samu wai matsin ya ninka fiye da sau 3, kaga yadda mantuwa ɗaya ke lalata komai. Wannan hawan matsin shi ya sa ake rubuta a jikin gwangwanin feshi kar a jefa shi a wuta ko da ya ƙare.

In matsin ne a tsaye

Aisobarik kenan. Alamominsa su ne fistin da ke motsi ba abin da ya tokare shi, ko an ɗora masa nauyin da ba ya canzawa, ko kuma abin a buɗe yake ga iskar sarari. Aiki a nan W = PΔV, shi kenan. Misali matsi faskal 100,000, iska ta buɗe daga lita 2 zuwa lita 5, ka mai da litar zuwa mita kubik, 0.002 zuwa 0.005, aikin ya zama jul 300. In iskar da muke shaƙa ce, zafin da za ka zuba don hakan ya faru jul 1,050 ne, 300 sun tafi wajen tura fistin, 750 sun zauna a ciki. Daga nan za ka fahimci me ya sa Cp, wato takwaran Cv a matsi tsayayye, ya fi Cv girma ba sai an sa ka haddace ba, wanda ke dumama iska a matsi tsayayye yana biyan kuɗin dumamawa kuma yana biyan kuɗin turawa, bambancin kuwa daidai R ne, Cp = Cv + R. Ga hiliyom da agon Cv shi ne 3R/2, ga naitirojin da oksijin a yanayin ɗaki 5R/2.

In matakin zafin ne aka riƙe

Aisotamal. Kalmomin da za ka farauta a tambaya su ne "a hankali", ko "an tsoma silindar cikin ruwa mai yawa", ko wani abu da ke nuna akwai isasshen lokacin da zafi zai shiga ko ya fita ya daidaita komai. Tunda T bai motsa ba ΔU = 0, kenan Q = W, abin da ya shigo a matsayin zafi ya fita a matsayin aiki. PV ba ya canzawa, wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662. Aikin kuma ba za ka yi PΔV ba domin P ɗin yana sauka yayin da V ke hawa, sai dai W = nRT ln(V2/V1), V1 girman farko, V2 na ƙarshe. Mol 1 a kelbin 300 in ya ninka girmansa sau 2: 8.314 × 300 × 0.693 (wato ln 2), wajen jul 1,729.

Akwai tarko a nan da nake so ka riƙe. Mutane suna jin T bai canza ba sai su ce ai babu zafin da ya shiga, alhali akasin haka ne, zafi ya shiga sosai, kawai dai bai zauna ba ne. Tarko na biyu ya fi wannan, ΔU = 0 ɗin nan na iskar gas ne wadda ba ta canza kama ba. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya a daidai gaɓar teku yana tsaye a salshiyos 100, matsinsa ma a tsaye, amma U ɗinsa hawa yake yi ba wasa, domin zafin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin ruwan su zama tururi. Duba lambobin ka gani, kilo 1 na ruwa daga 20 zuwa 100 yana cin kilojul 335 ne, amma ka mai da shi tururi gaba ɗaya sai ka zuba wajen 2,260, kusan ninki 7. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, in ya taɓa fata ya koma ruwa sai ya sauke maka wannan lodin duka.

In zafin ne aka hana wucewa

Adiyabatik, Q = 0, kuma gaskiya shi ne ya fi daɗin nazari a cikinsu. Hanya biyu ake samunsa, ko dai an naɗe abin da abin da ba ya barin zafi ya wuce, ko kuma abin ya faru da sauri ƙwarai har zafi bai samu damar ƙetarawa ba. Na biyun shi ya fi yawa a zahiri. Tunda Q babu, ΔU = −W. In ka matse iska kai ne ka yi aiki a kanta, aikin ba shi da wurin zuwa sai ciki, sai ta yi zafi. In ita ta buɗe ta tura wani abu, daga jikinta ta biya, sai ta yi sanyi.

Ɗauki famfon bugun iskar keke, toshe bakinsa da ɗan yatsa, ka danna da ƙarfi kamar sau goma a jere sannan ka taɓa gindin bututun wajen bakin. Za ka ji ya yi ɗumi, kuma ɗumin a ƙasa ya taru inda iskar ta fi matsuwa, ba ko'ina a jikin bututun ba, babu wuta babu komai, ƙarfin hannunka ne ya koma zafi.

Lissafinsa shi ne PV^γ ba ya canzawa, haka ma TV^(γ−1), inda γ yake Cp a raba da Cv, 1.4 ga iskar shaƙa, 1.67 ga hiliyom. Yanzu gwada shi da injin dizal. A ce fistin ya matse iska sau 18, ta fara a kelbin 300. 18 a ɗaga zuwa 0.4 yana ba da kusan 3.18, ka ninka da 300, kelbin 950 da ɗoriya, wato wajen salshiyos 680. Injin gaske ba ya kai wa nan daidai saboda ɗan zafi yana tserewa ta jikin ƙarfe, amma duk da haka ya wuce abin da man ke buƙata ya kama da kansa, ana fesa shi sai wuta. Shi ya sa injin da Rudolf Diesel ya ƙera a shekarun 1890 ba shi da fulogin tartsatsi irin na injin fetur. A sama ma haka ne, busasshiyar iska in ta tashi tana buɗewa saboda matsi ya ragu, tana yin sanyi da kusan digiri 9.8 a kowace kilomita, in akwai laima a cikinta sai gajimare ya haɗu.

Kar ka raina bambancin aisotamal da adiyabatik ka ce duk lanƙwasa ce a kan zane. Isaac Newton ya lissafa gudun sauti a iska ya samu adadin da ya gaza wanda ake aunawa da kusan kashi 15 cikin ɗari, saboda lissafinsa ya tafi ne kamar T ba ya canzawa. Sai a 1816 Laplace ya gyara, ya nuna matsewa da sakewar da sauti ke yi wa iska adiyabatik ne, aka saka γ lissafi ya zauna.

Wani abu kuma, in aka ce an fasa shamaki iska ta bazu cikin wurin da babu komai a ciki kuma an naɗe tankin, Q = 0 ne haka ne, amma W ma 0 ne don ba abin da ta tura, saboda haka T ba ya canzawa. Kar ka kawo PV^γ nan, ba hurumin sa ba ne.

Ni dai ina ganin duk tambayar da aka ba ka ka zana ta, P a tsaye V a kwance. Aisobarik layi ne a kwance, aisokorik a tsaye, aisotamal lanƙwasa mai gangarowa, adiyabatik ma lanƙwasa ce amma ta fi tsananin gangara. Filin da ke ƙarƙashin layi shi ne aiki. In layukan sun zagayo sun haɗe, ΔU na zagayen duka 0 ne, filin da suka kewaye shi ne ribar aikin. Zagayen Sadi Carnot na 1824 aisotamal 2 ne da adiyabatik 2, na injin fetur wanda ake dangantawa da Nikolaus Otto da injinsa na 1876 adiyabatik 2 ne da aisokorik 2. Carnot ɗin shi ne rufin da babu injin zafi da zai wuce, 1 − Tc/Th, Tc kelbin ɗin ɓangaren sanyi, Th na ɓangaren zafi, injin da ke aiki tsakanin kelbin 600 da 300 ko mai ƙera shi waye ba zai mai da fiye da rabin zafinsa aiki ba.

To shi Q ɗin ta ina yake shigowa?

Duk abin da muka yi a sama yawan zafi yake faɗa maka, bai ce komai kan saurinsa ba. Saurin kuwa hanya ce ke yanke shi, hanyoyin uku ne, kuma da kansa zafi daga mai zafi yake zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya sai an kashe aiki. Tambayar da za ka yi a nan ita ce me ke tsakanin wurin zafin da wurin sanyin?

In abu ne mai tauri, ko wani abin da ba ya gudana, kondakshan ne, ƙwayoyin suna miƙa wa juna girgiza ba tare da sun bar wurinsu ba, a ƙarfe kuma ilektoron masu yawo ne ke ɗaukar mafi yawan kayan, shi ya sa abin da ke ɗaukar lantarki da kyau yakan ɗauki zafi da kyau. Dokar Joseph Fourier ce ta 1822: saurin zafi = kAΔT/L. A faɗin fuska, L kauri, k kuma ma'aunin yadda abin ke barin zafi ya ratsa shi. Jan ƙarfe wajen 400, alminiyam wajen 237, baƙin ƙarfe wajen 50, ruwa 0.6, katako tsakanin 0.1 da 0.2, iskar da ba ta motsi 0.026 kacal. Taɓa hannun ƙofa na ƙarfe sannan ka taɓa katakon ƙofar, za ka rantse ƙarfen ya fi sanyi alhali matakin zafinsu ɗaya, ƙarfen ne dai ke zuƙe zafin hannunka da sauri.

Ga lissafin da zai nuna maka amfaninta. Bangon bulo mai faɗin murabba'in mita 10, kauri mita 0.2, k ɗinsa a ce 0.7, bambancin fuska da fuska digiri 10: 0.7 × 10 × 10 ÷ 0.2, wat 350 ke wucewa. Yanzu manna masa soson roba mai kaurin santimita 5, k 0.03. In abubuwa suna jere haka L/k na kowanne kake tarawa, bulo 0.286, soso 1.667, jimla 1.95, sai ka raba AΔT da shi, 100 ÷ 1.95, wat 51. Ɗan siririn soso ya yi aikin da ya fi na bulon sau kusan 6, kuma ba robar ce gwanar ba, iskar da ta maƙale a ƙananan ramukanta ce ta kasa motsi. Bargo da gashin dabbobi duk wannan dabarar ce.

In kuma ruwa ne ko iska ke gudana suna ɗauke da zafin, konbekshan kenan, saurin = hAΔT, inda h yake ma'aunin yadda abin da ke gudana ke kwashe zafi daga fuska. Wanda ya yi zafi ya buɗe, ya yi sauƙin nauyi ya tashi, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, wannan na ƙashin kansa ne. In fanka ko famfo ke turawa, na dole ne, h kuma sai ya yi tsalle, a iskar da aka bari da kanta ba ya wuce 25, da fanka yana iya kai ɗaruruwa, a tafasasshen ruwa dubbai. Shi h ba kamar k ba ne da za ka ce na abu kaza ne, ya danganta da saurin gudu da siffar fuska, shi ya sa a tambaya yawanci ba ka shi ake yi. Lagireton mota da ƙananan fikafikan alminiyam da ke kan furosesan kwamfuta duk A suke ƙarawa, fankar da ke bayansu tana ƙara h. Fanka kuma ba ta sanyaya iskar ɗaki, tana kore ɗumamar iskar da ta lulluɓe fatarka ne tana hanzarta bushewar gumi.

In babu komai a tsakani kuma zafi ya iso, radiyeshan ne. Haka zafin rana ke ratso kilomita miliyan 150 na sarari cikin minti 8 da ɗan kai, ya iso saman sararin duniya da wat kusan 1,360 a kowane murabba'in mita. Kowane abu yana fitar da irin wannan, har kai. Saurin = εσAT⁴, σ kuwa 5.67 × 10⁻⁸, Josef Stefan ya gano ta a 1879 ta hanyar awo, Ludwig Boltzmann ya fito da ita ta lissafi a 1884. Wannan 4 ɗin ita ce komai, ka ninka kelbin sau 2 fitarwa ta ninka sau 16, shi ya sa a tanderun narka ƙarfe radiyeshan ne ke mulki. In kana neman abin da jiki ya yi asara, sai ka cire wanda yake karɓa daga kewaye, T⁴ nasa a cire T⁴ na kewaye, kowanne ka ɗaga shi daban kafin ka cire, kar ka cire sannan ka ɗaga. ε, wato ma'aunin yadda fuskar abu ke iya fitar da zafi, tsakanin 0 da 1 yake, baƙi mara sheƙi kusa da 1, gogaggen ƙarfe mai walƙiya kusa da 0.

A zahiri ukun tare suke aiki, aikinka shi ne ka gane wanne ya fi ƙarfi ka toshe shi ko ka buɗe shi. Filas ɗin ruwan zafi, wanda ya samo asali daga kwalbar da James Dewar ya ƙirƙiro a 1892, ya isa ka yi atisaye a kansa: bango biyu ne aka zuƙe iskar tsakaninsu, kondakshan da konbekshan sun rasa abin hawa, an shafe bangon da abu mai sheƙi don ε ya faɗi, abin da ya rage wuya ne da murfi, ta nan ɗan zafin ke sulalewa, shi ya sa ake matse wuyan ake yin murfin da roba.

In ka gama da filas koma kan firji, shi ya haɗa ɓangarorin biyu. Kwamfaresa tana matse gas ya yi zafi, ya bi bututun baya ya zubar da zafin a ɗaki ya koma ruwa, ya ratsa ta siririyar ƙofa matsinsa ya faɗi, ya tafasa a bututun ciki yana zuƙe zafin kayan da ke ajiye. Yanzu shata iyakarka ta kewaye ɗakin gaba ɗaya da firjin a ciki, a rufe tagogi, a bar ƙofar firjin a buɗe. Zafin da ya zuƙa ta gaba a ɗakin yake zubar da shi ta baya, ga kuma lantarkin da ke shigowa ta waya yana ƙaruwa a kai, saboda haka ΔU na ɗakin hawa zai yi, ɗakin ƙara zafi zai yi. Na'urar sanyaya ɗaki aikin firjin take yi sak, bambancin kawai an fitar da bututun zubar da zafin nata waje.